Dubiyar da Ta Kusa Ƙarasa Malam

Yanzu da Malam ya koma cin tuwonsa har yana neman ƙari, ya kuma koma yi mini tsiya a kan gishirin miya, na ga lokaci ya yi da zan zauna in rubuta abin da ya same mu. Na gode wa Allah da ya bar mini shi. Amma ba godiya kaɗai ce a bakina ba, akwai ƙorafi, kuma zan faɗe shi ko da wasu daga cikin 'yan uwa za su ji haushina. Saboda matan da suke auren irin mijina nake rubutawa, mutumin da gari ya mayar da shi na kowa.

Sunana Rabi. A Tudun Wada muke zaune, 'ya'yanmu biyar. Mijina malamin firamare ne, wannan shi ne aikin da gwamnati ta san yana yi. Wanda ba ta sani ba ya fi yawa. Da yamma yana koyarwa a Islamiyya. Shi ne na'ibin limamin unguwarmu, limamin kuwa ya tsufa, don haka kusan duk sallolin a wuyansa suke. In an yi rasuwa shi ake nema ya raba gado. In mata da miji sun saɓa, zaurenmu ne kotu. In naƙuda ta yi gardama a wani gida, ƙofarmu ake bugawa ya je ya nemo mota. Ga gonar masara a hanyar Doguwa, ga 'yar fadamar shinkafa. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin ya ce wa wani ba zai iya ba. Abin da yake cewa shi ne, "To, bari mu gani," kuma kowa a unguwar ya san an gama ke nan.

Ciwon bai zo da zazzaɓi ba, shi ya sa muka daɗe muna zaune da shi ba mu gane shi ba. Barci ne ya fara guje masa tun cikin damina. Ya tashi da safe ya ce mini jikinsa kamar an kwana ana dukansa. Sai ciwon ƙeya, sai ƙwannafi. Sai mantuwa. Wata ranar kasuwa ya tafi a kan babur ya dawo a ƙafa, yana ta mitar nisan hanya, sai da na tambaye shi ina babur ɗin sannan ya tsaya yana kallona. A lokacin dariya muka yi. Mutumin da yara suke hawa kansa yana cin abinci, rannan ya daka wa babbar 'yarmu Zahra'u tsawa don kawai ta dire kwano da ƙarfi. Da na bi shi ɗaki in yi masa magana, sai na tarar yana share hawaye da hannun riga. Wayarsa kuwa in ta yi ƙara sai na ga ya dafe ƙirji kafin ya ɗauka, amma sai ya ɗauka.

Ranar da gabana ya fara faɗuwa da gaske, ina tsakar gida ina kwashe tuwo, ina jin karatunsa na Magariba ta lasifikar masallaci. Yana cikin wata gajeriyar sura da ko autanmu ya haddace, sai ya tsaya. Aka ɗora masa daga baya. Ya kama, ya sake tsayawa. Na ajiye mara na kasa kunne, har na ji ya yi kabbara ya tafi ruku'u bai ƙarasa ba. Da ya shigo ko taɓa tuwon bai yi ba.

Haka ya lallaɓa har aka kawar da amfanin gona. Wata safiya bayan kaka ya yi wanka, ya sa kayan makaranta, ya zauna a bakin gado zai sa takalmi. Na kai yara bakin ƙofa na dawo, yana nan da takalmi ɗaya a hannu.

Na ce, "Malam, za ka makara."

Ya ce, "Rabi, na san yadda ake tashi. Jikin ne ya ƙi."

Makon farko mai kemis muka kira. Ya ce maleriya ce da taifot, kamar yadda yake ce wa duk wanda ya kwanta a unguwar. Aka yi allurai, aka ɗaura ruwa. Ba abin da ya canza sai hannunsa da ya kumbura. Mako na biyu wani abokin aikinsa ya kai mu wani asibitin kuɗi ta wajen Bebeji. Aka ɗebi jini, aka ɗebi fitsari, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce olsa ce, jininsa kuma ya ɗan hau. Muka dawo da leda cike da magani. Buhunan masarar da muka jibge don cin shekara suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, ina kallo ba halin magana.

'Yan uwa kuwa kowa ya zama likita. Wata gwaggonsa ta rantse kambun baka ne, tunda sunansa ba ya fita daga bakin mutane. Wani ya ce sammu ne daga waɗanda rabon gado bai yi wa daɗi ba. Aka kawo rubutu, aka kawo hayaƙi, aka kawo zuma da habbatussauda, aka yi ruƙiyya. Ban hana ko ɗaya ba, addu'a ba ta taɓa yi mana yawa ba. Malam yana karɓar komai ya sha, ya yi godiya, don kada wanda ya kawo ya ji ba daɗi. Har wani jiƙo mai ɗacin tsiya ya shanye wanda ya sa shi kwana biyu yana zaryar banɗaki.

Wata ma'aikaciyar jinya da 'yarta take ajinsa a Islamiyya ce ta ja ni gefe. Ta ce in daina yawo da shi, in kai shi babban asibiti a Kano, ɓangaren masu duba damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta faɗa tana waige-waige, don ta san abin da mutanenmu suke kiran wannan ɓangaren. Ni ma na sani. Na ce wa dangi za mu je ganin likitan ciki.

Mun sha layi. Ranar farko kati kawai muka samu, aka ba mu wata rana. Da muka koma, muka zauna a kan benci tun hantsi har azahar ta gota. A nan na ƙare wa mutanen layin kallo, don na zo da tsoron zan tarar da masu fizge-fizge. Ba haka na gani ba. Kusa da mu wata malamar asibiti ce daga wani ƙauye, ita kaɗai ce mai karɓar haihuwa a garin, ƙanwarta ce ta kawo ta. Akwai wani hedimasta. Akwai wata mata mai aikin ofis da take jinyar surukarta mai shanyewar ɓarin jiki shekara da shekaru. Dukkansu tsaf-tsaf da su, kaya a goge. Kowannensu wani ne ya jawo shi, ba wanda ya kawo kansa. Wayoyinsu ba sa hutawa, kuma in sun ɗauka da ban haƙuri suke farawa. In wani tsoho ya shigo sai ka ga mutum uku sun miƙe a tare za su ba shi wuri. Shi kuwa Malam, da ƙyar yake tsayuwa, amma ina juyawa na gan shi ya karɓi katin wata tsohuwa yana neman inda za a buga mata hatimi. Sai da na je na riƙo rigarsa.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta sa ya lissafa mata abin da yake yi daga Asuba zuwa Isha'i. Yana faɗa tana saurare, har ta ajiye biro. Ta tambaye shi yaushe rabon da ya yi wuni guda ba wanda ya nemi wani abu a wurinsa. Ya yi ta lalube bai tuna ba, har ta ce ya bar shi. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, ban riƙe ba. Ta ce gajiya ce da ta taru shekara da shekaru har jiki da ƙwaƙwalwa suka ƙi aiki, kamar rijiyar da aka yi ta ja ba a barinta ta tara ruwa.

Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, wato dai ragwanci ne."

Ta ce, "Malam, ragwaye ba sa zuwa ɗakin nan. Waɗanda nake gani su ne waɗanda ba su iya cewa a'a ba."

Ta rubuta maganin barci da wani na safe. Ta rubuta wa makaranta takardar hutu. Ta ce magani taimako ne kawai, ainihin maganin shi ne hutu, ba aiki, ba hayaniya, ba sauraron matsalar kowa. Muka fito ina jin kamar an sauke mini kaya. A zuciyata na ce in dai hutu ne ai mai sauƙi ne, gida za mu koma ya kwanta. Ban san a gidan ne ciwon yake jiranmu ba.

Labari ya bazu cewa an dawo da Malam daga Kano kuma yana gida ba ya fita. Sai dubiya ta ɓalle. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san dubiya ba abin wasa ba ce. Hakki ne, lada ce, wanda bai zo ba kuma ana riƙe da shi a zuciya har shekara goma. Mutumin da ya je dubiyar kowa, ya je jana'izar kowa, wa zai yarda a ce bai zo tasa ba? Tun ana fitowa sallar Asuba ake fara sallama. Sai ya tashi, ya sa riga, ya sa hula, ya fita zaure ya zauna. Kowa ya zo sai ya tambayi abin da ya same shi, sai ya faro labarin daga farko. Malaman makaranta suka zo, iyayen yara suka zo, 'yan Islamiyya suka zo aji-aji suna rera addu'a, dangi daga Kiru suka zo suka kwana. Cikin gida kuma mata ne cike, ni ce dama fura, ni ce ɗora tukunya.

Kada a ce na manta alheri. An kawo mana kaji, an kawo ƙwai, an kawo itace. Wata Bafulatana da ya taɓa kai ɗanta asibiti ta tako tun daga rugarsu da ƙwaryar nono a ka, ta ajiye, ta yi kuka, ta tafi. Mutanen nan son shi suke yi, ban taɓa shakka ba. Abin da ya sa na rasa yadda zan yi ke nan, don da maƙiya ne da na san abin da zan gaya musu.

Matsalar ita ce ciwon ba ya ganuwa. Ba rauni, ba ɗauri, ba ledar ruwa a rataye. Mutum ya shigo ya gan shi zaune da hula, sai ya ce, "Kai, alhamdu lillahi, ai jiki ya yi kyau!" Daga nan sai a gyara zama. "Malam, tunda Allah ya sa na same ka a gida, dama maganar gonar nan ce ta marigayi." Da can sai an yi sa'a ake kama shi tsakanin makaranta da masallaci. Yanzu kowa ya san inda yake daga safe har dare. Hutun da likita ta rubuta ya zama bai taɓa aiki irin na lokacin ba.

Na ce masa ya daina fita. Ya ce, "Rabi, mutum ya taso tun daga Kiru a kan babur, in aika a ce masa ina barci? Da wane ido zan kalle shi gobe?"

Ni mace ce, zaure ba wurina ba ne. Ba zan leƙa cikin maza in ce su tashi ba. Sai na tafi wurin wanda maganarsa take da nauyi, Baffa Ila, ƙanin mahaifin Malam, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifin, ya sa shi a makaranta, ya yi masa aure. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da likita ta ce, na roƙe shi ya sa baki a ɗaga wa Malam ƙafa.

Ya ce, "Ke 'yar nan, a ina kika taɓa jin an hana dubiya? Marar lafiya ai da mutane yake warkewa." Sannan ya rage murya. "Kuma kina tsammanin ban san ɓangaren da kika kai shi ba? An gan ku. Maganar tana yawo a gari. In aka rufe shi a ɗaki, gobe za a ce ɗana ya taɓu. Wa zai sake bin sa salla? Wa zai ba shi ɗansa ya karantar? Gara ya fito kowa ya gan shi da hankalinsa."

Na tashi na kama hanyar gida. Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, mutuncin ɗansa yake karewa, kuma abin da yake tsoro ba ƙarya ba ne.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci zaure ya cika har waje. Wasu 'yan uwa biyu da suke rigima a kan iyakar gona suka haɗu a wurin, kowa ya zo dubiya, sai gardama ta tashi a gabansa, kowa yana cewa Malam ne shaida. Ina daga ciki na ji hayaniyar ta yanke lokaci ɗaya. Sai ga shi an shigo da shi a rirriƙe, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, jikinsa yana karkarwa, numfashi yana sarƙewa. Bai yi magana ba har washegari. Kuma ko a ranar, bayan La'asar, an yi sallama a ƙofa, waɗanda suka ji ya faɗi ne suka zo sabuwar dubiya.

Ban jira ranar komawa da aka ba mu ba, na mayar da shi Kano. Likitar ta dube shi, ta dube ni. Ya rame, rigar tana yawo a jikinsa. Ta yi masa tambayoyi a hankali. Can sai na ji ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, wani lokaci in zai kwanta yakan ji da ma kada gari ya waye da shi, don kawai ya huta da sallama. Ya yi istigfari bayan ya faɗa. Mutumin da yake yi wa jama'a wa'azin haƙuri ne yake faɗin wannan a gabana.

Likitar ta juyo ta ce, "Hajiya, wa yake tsare masa ƙofa?"

Na ce, "Babu."

Ta ce, "To, ke ce. In ba za ki iya ba, ki gaya mini yanzu in ba shi gado."

Ba mu koma Tudun Wada ba. Muka sauka a hanya muka nemi motar Tiga, inda yayana Garba yake zaune yana kamun kifi a dam. Malam bai tambayi inda za mu ba, ya jingina kansa da gilashi kawai. Yaya Garba ya dube shi sau ɗaya, bai yi tambaya ba, ya sa aka share ɗakin baya wanda tagarsa take kallon ruwa. Na kira Inna, mahaifiyar Malam, wadda na bar wa yara. Malam ɗan farinta ne, ko da yake shi ne na bakwai a wurin mahaifinsa, ba ta kama sunansa, ba ta ma cika zama inda ake maganarsa ba. Na faɗa mata gaskiya duka, ina jiran faɗa. Sai kawai ta ce, "Ni ban san inda kuke ba. Ki kula da wancan." Ta kashe wayar.

Na kashe wayarsa na tura ta ƙasan jakata. Makon farko a Tiga barci ya yi ta yi kamar wanda ake bi bashinsa, ya tashi ya yi salla ya ci abinci kaɗan ya koma. Wani lokaci ya farka a firgice ya ce an yi sallama, in ce masa ba kowa, agwagi ne. Mako na biyu ya fara fita bakin ruwa da hantsi, ya zauna yana kallon masunta suna fitowa. Yaya Garba ba mai surutu ba ne, sai ya miƙa masa raga da zare su yi ta ɗinki ba mai ce wa wani uffan. Matar yayana tana yi masa farfesun kifi da daddawa. Karatu dai bai dawo ba, in ya buɗe littafi layi biyu yake yi kansa ya ɗau zafi. Amma wata rana ya ga yadda na riƙe tarwaɗa da tsoro tana zillo, ya yi dariya har da tari. Na juya baya don kada ya ga idona.

Asiri bai daɗe ba. Wani mai sarin kifi da yake kai kaya kasuwarmu ya gan shi a bakin ruwa. Wata safiya Yaya Garba yana kan ruwa, Malam ya dawo daga zagayensa ya kwanta, sai na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Na leƙa. Bas ce cike da mutanen unguwarmu, Baffa Ila a gaba, ga dattawan masallaci, ga malaman Islamiyya. Sun yi karo-karo sun ɗauko shata, har da buhun shinkafa da kaji a ɗaure a saman motar. Na zura hijabi, na fita, na durƙusa a bakin ƙofar zaure, a tsakiyarta, inda ba mai wucewa sai ya tsallake ni.

"Sannunku da zuwa, Baffa. Kun sha hanya."

"Yawwa. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baffa. Yana kwance."

"To, a yi mana iso."

Ban motsa ba. Na ce, "Baffa, ka yi mini rai. Ba zai fito ba, kuma ba za a shiga ba."

Wani daga baya ya ce, "Haba Maman Zahra'u, gaisawa kawai za mu yi mu juya." Wani ya ce tun Asuba suka taso.

Baffa ya ce, "Kin san abin da ake faɗa a gari? Ana cewa ya haukace kin ɓoye shi. Ga mutane na kawo, su gan shi da idonsu, bakin kowa ya mutu. Matsa."

Na ce, "Su faɗa, Baffa. Gara a ce ya haukace yana raye."

Ban taɓa mayar wa babba magana ba sai ranar. Baffa ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Sai ya ɗaga kai sama da ni, ya ɗaga murya yadda za ta ratsa gidan, ya kira shi da sunansa.

"Sabi'u!"

Wannan ne abin da nake tsoro. Ni zan iya tare ƙofar waje, amma ba zan iya tare ta ɗakinsa ba. Tun yana yaro Baffa bai taɓa kiransa ya ƙi amsawa ba, ko a tsakiyar cin abinci yake sai ya tsame hannu. Na san in ya fito zai yi murmushi, zai ce ya ji sauƙi, zai shiga motar nan ya bi su, kuma na san abin da ya gaya wa likita. Na kasa kunne ina jiran ƙarar ƙyauren ɗakin baya.

Baffa ya sake kira, da ƙarfi fiye da na farko. Ba a amsa ba. Kaji suna ta kuka a saman mota.

Na ga fuskar tsohon ta canza, na ga leɓensa yana motsi, kuma wallahi tausayinsa ya kama ni. Ya juya ya ce a sauke kayan. Aka jingina buhun da bango, aka ajiye kajin. Sannan ya ɗaga hannu a nan bakin ƙofa, duk suka ɗaga, suka yi wa Malam doguwar addu'a, ina durƙushe ina cewa amin hawaye yana zuba a kan hijabina. Na ce a kawo musu ruwa. Baffa ya ce sun gode. Suka hau mota ba wanda ya sha.

Na shiga ɗakin baya. Malam yana zaune a bakin gado, ya sa riga, ya sa hula, hannuwansa biyu sun damƙe katifa, gumi ya jiƙa masa wuya.

Ya ce, "Na ji shi."

Na ce, "Na sani."

"Sun tafi?"

"Sun tafi."

Ya cire hular ya ajiye, ya kwanta ya juya fuskarsa bango. Na ga kafaɗarsa tana girgiza. Na ja ƙofar na bar shi.

Mun daɗe a Tiga, muna zuwa Kano ganin likita daga can. Da muka koma gida ma ba a rana ɗaya ya warke ba, kuma har yau bai koma yadda yake da ba. Yana zuwa makaranta da safe. Rabon gado ya miƙa wa wani, limanci ya koma sahu, gonar hanyar Doguwa mun ba da aro. In ya yi kwana biyu cikin hayaniya, ciwon ƙeyar yana dawowa ya tuna masa. Maganar hauka an yi ta, wasu iyaye sun cire 'ya'yansu daga ajinsa, daga baya wasu sun dawo da su, wasu ba su dawo ba. Abincin shekarar sai da muka saya a kasuwa.

Ga mai karanta wannan, in mutuminku mai yi wa kowa ya fara rasa barci, yana mantuwa, yana firgita da ƙarar waya, kada ku tsaya a kan taifot. In kuma za ku je dubiya, ku tambaya daga ƙofa ko ana shiga. In an ce yana hutawa, ku yi addu'arku a nan ku juya, Allah yana ji daga waje. Buƙatarku kuma ku bar ta a gida.

Malam ya je ya durƙusa wa Baffa, sun shirya, ɗa da uba ba sa daɗewa. Ni ce dai ban samu shiga ba. A wurin dangi ni ce matar da ta kori surukinta daga bakin ƙofa a gaban jama'a, kuma akwai gidajen da in na shiga biki hira take tsayawa. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, don Baffa ne ya karɓi aurena, shi ya raɗa wa Zahra'u suna. Duk Juma'a ina zuwa in durƙusa in gaishe shi. Yana amsawa yana kallon wani wuri. In na gama sai in tashi in kama hanyar gida, in tarar da mijina a tsakar gida yana alwala.